Lamba 99 da Baburan da Suka Ƙi Jin Maganarsa

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2019 na zauna kallon tseren babura na MotoGP da aka yi a tsibirin Phillip na ƙasar Ostireliya, kuma har yau abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan rana ba shi ne wanda ya lashe tseren ba. Marc Márquez ne ya zo na ɗaya, bayan da Maverick Viñales ya faɗi a zagayen ƙarshe yana ƙoƙarin ƙwace gaba. An nuna murnar makanikai, an maimaita faɗuwar Viñales, masu sharhi har sun fara lissafin maki, sai can a ƙasan jerin sunaye lamba 99 ta bayyana. Jorge Lorenzo ne, wanda sau uku yana zama zakaran duniya a MotoGP, wato babban ajin gasar babura ta duniya, ya iso na ƙarshe cikin waɗanda suka kammala, fiye da minti guda bayan Márquez, alhali gareji ɗaya suke fitowa, kuma babur iri ɗaya na kamfanin Honda aka ba su. A wasan da ake raba na ɗaya da na biyu da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, minti guda tamkar a ce mutum bai zo filin ba ne.

Ya kamata in faɗi gaskiya tun daga farko cewa ban taɓa kasancewa cikin masoyan Lorenzo ba. Ina cikin ɗimbin mutanen da Valentino Rossi, shahararren mahayin nan ɗan Italiya, ya jawo zuwa kallon wannan wasa, kuma duk wanda ya san tarihin mutanen biyu ya san cewa zuciya ɗaya ba ta cika ɗaukar su tare ba. Lokacin da Lorenzo ya kasa taɓuka abin kirki a shekararsa ta farko a kamfanin babura na Ducati, na yi dariya tare da masu dariya, na ce ai dama babur ɗin Yamaha ne yake yi masa aiki. Amma a ranar tsibirin Phillip dariyar ba ta zo mini ba, kuma tun daga lokacin nake juya maganar a raina: me ke faruwa da gwani idan aka raba shi da abin da ya yi gwanintar a kansa?

Lorenzo ɗan Palma ne a tsibirin Mallorca na ƙasar Sifaniya, an haife shi a 1987. Ya shiga gasar duniya a ƙaramin aji na 125cc a 2002, kuma sai da ya jira ranar da ya cika shekara 15 kafin a bar shi ya hau fili a Jerez ta Sifaniya, domin a ranar farko ta gwaji shekarunsa ba su kai ba. Ya lashe kambun ajin 250cc sau biyu, a 2006 da 2007, a kan babur ɗin Aprilia. A 2008 Yamaha ta kawo shi babban aji ta ajiye shi gefen Rossi, har aka kafa katanga a tsakiyar garejin, domin kowannensu yana amfani da tayoyin kamfani daban kuma ba a son asirin wannan ya tsallaka wurin wancan. Shekara tara ya yi a wurin, ya ci tsere 44, ya zama zakara a 2010 da 2012 da 2015.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne santsin tuƙinsa. Shi da kansa yana kwatanta salonsa da abu biyu, guduma da man shanu: man shanu saboda laushin yadda yake shiga kwana ya fita ba tare da babur ya girgiza ba, guduma kuma saboda yadda yake buga zagaye bayan zagaye a lokaci kusan iri ɗaya har sai na bayansa ya karaya. Idan ya tsere gaba tun daga kwanar farko, kallon yakan zama da gundura, domin ba ya kuskure, ba ya waiwaye, tazara kawai ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan kamar ɗigon ruwa a tulu. Mu da ba ma sonsa mukan kira wannan rashin armashi. Daga baya na gane cewa irin wannan gundurar ita ce abu mafi wuya da mahayin babur zai iya samarwa.

To, amma wannan salo ba a iska yake tsaye ba, a kan wani irin babur aka gina shi. Wanda bai saba kallon wasan ba zai ɗauka duk baburan MotoGP ɗaya ne, tunda dukansu inji mai girman 1000cc da silinda huɗu gare su, dukansu suna haura kilomita 340 a awa a miƙaƙƙiyar hanya, kuma tun 2016 tayoyin Michelin kowa ke sakawa. Bambancin yana cikin hali. Injin Yamaha na wancan zamani silindoji huɗu ne a jere, ƙarfinsa yana zuwa a hankali, babur ɗin kuma yana son a shiga kwana da gudu, a kwantar da shi a bi lanƙwasar a faɗaɗe ba tare da an rage sauri sosai ba. Ducati da Honda kuwa an haɗa silindojinsu bibbiyu suna fuskantar juna kamar harafin V, sun fi ƙarfi a miƙe, amma suna buƙatar a jinkirta birki har bakin kwana, a matse shi da ƙarfi, a juya babur ɗin cikin gaggawa, a ɗaga shi tsaye, sannan a murɗa totur. Mai tuƙi irin na farko yana zana da'ira, mai irin na biyu yana zana kusurwa. Mutumin da ya shekara tara jikinsa na zana da'ira ba tare da ya yi tunani ba, rana ɗaya aka ce ya koma kusurwa, dole sai ya riƙa tunani kafin kowace kwana, kuma a irin wannan gudu tunanin kansa lokaci yake ci.

Duk da haka ya bar Yamaha a ƙarshen 2016, har ma ya yi bankwana da cin tseren ƙarshe na shekarar a Valencia. An yi ta maganar kuɗi, kuma babu shakka Ducati ta buɗe bakin aljihu, amma ina ganin akwai abin da ya fi kuɗi ciwo. A garejin Yamaha, ko da shi ne ya kawo kambu, hasken yana kan Rossi. A Ducati kuwa akwai Gigi Dall'Igna, injiniyan da suka yi aiki tare tun zamanin Aprilia, akwai kuma wani abu da Rossi ya gwada ya kasa. Rossi ya je Ducati a 2011 da 2012, bai ci tsere ko ɗaya ba, sau uku kacal ya shiga cikin ukun farko, ya tattara nasa ya nasa ya koma Yamaha. Har zuwa lokacin Casey Stoner kaɗai ya taɓa ba kamfanin kambun babban aji, a 2007. Idan Lorenzo ya yi nasara a inda abokin hamayyarsa ya faɗi, an gama gardama.

Shekarar 2017 ta zo masa da ɗaci. Bai ci tsere ba, sau uku ya shiga cikin ukun farko, ya ƙare a matsayi na 7. Abin da ya ƙara wa ciwon gishiri shi ne abokin garejinsa Andrea Dovizioso, wanda aka ɗauka mataimaki ne kawai, ya ci tsere 6 ya kuma yi takarar kambu da Márquez har zuwa ranar ƙarshe. Akwai wani abu da ya riƙa maimaituwa a wannan shekara wanda ni a lokacin na fassara shi da rashin zuciya: Lorenzo zai tashi da kyau, ya jagoranci zagaye kaɗan, sannan a ga ana wuce shi ɗaya bayan ɗaya kamar wanda mai ya ƙare masa. Shi kuwa ya yi ta cewa babur ɗin yana gajiyar da shi, cewa idan ya matse birki babu abin da ke tare jikinsa, duk nauyinsa yana zubewa a kan hannuwansa, bayan wasu zagaye hannuwan sun mutu. Da yawanmu mun ɗauki wannan a matsayin uzurin wanda ya kasa, irin na mai cewa ƙasa ce ta karkace shi ya sa rawarsa ba ta yi kyau ba.

Ashe gaskiya yake faɗa. Kafin tseren filin Mugello da ke Italiya na watan Yunin 2018, injiniyoyin Ducati suka sauya siffar bayan tankin mai, suka ƙara masa wani tudu da zai riƙa matsewa da cinyoyinsa idan ya ja birki. Ba inji aka sauya ba, ba wata babbar fasaha aka ƙirƙiro ba, wurin jingina ne kawai. A tserensa na 24 da Ducati ya tsere gaba tun daga farko, ya dawo da gudumarsa ta dā, ya ci da tazarar fiye da daƙiƙa shida, Dovizioso na biyu, Rossi na uku. Bayan mako biyu ya sake ci a Barcelona, sannan a watan Agusta ya doke Márquez a Austriya bayan sun yi ta musayar gaba har zagayen ƙarshe, kuma wannan nasara ta uku ta fi sauran burge ni, domin a salon kusurwa ya yi ta, wato ya doke mai gida a ɗakinsa. Ba zan ce tankin shi kaɗai ya yi aikin ba, tunda watanni goma sha takwas ya kwashe yana sake wa jikinsa tarbiyya, amma tankin ne ya buɗe ƙofar da yake ta ƙwanƙwasawa.

Sai dai nasarar ta zo bayan an riga an yanke hukunci. Haƙurin shugabannin Ducati ya ƙare tun kafin Mugello, kuma kwanaki kaɗan bayan wannan tsere aka sanar cewa Lorenzo ya sa hannu a kwantiragin shekara biyu da Repsol Honda, babbar ƙungiyar kamfanin Honda, inda zai maye gurbin Dani Pedrosa. A ganina wannan shi ne babban abin takaici a duk labarin. Mutum ya sha wahalar koyon babur mafi taurin kai, ya fara cin moriyar wahalar, sai kuma ya tattara ya nufi wani sabon babur domin ya fara daga tushe. Da an ba shi tudun tankin nan wata shida kafin lokacin, ko da Ducati ta ƙara haƙurin wata ɗaya, wataƙila da wani labarin muke bayarwa yau.

A takarda, haɗuwar Márquez da Lorenzo a gareji ɗaya ta yi kama da mafarki, domin tun daga 2010 su biyun ne suka lashe duk kambun babban aji in ban da na 2011 da Stoner ya ɗauka. Amma jikin da Lorenzo ya kai wa Honda ba shi ne jikin da ya ci Austriya ba. A Aragon cikin watan Satumban 2018 ya faɗi a kwanar farko ya ji ciwo a ƙafa. A Tailan, wajen gwaji, babur ya yi jifa da shi ya samu karaya a wuyan hannun hagu, ya rasa tsere huɗu a jere. A watan Janairun 2019, yana atisaye, ya sake karya wani ƙaramin ƙashi a wannan hannun, aka yi masa tiyata, ya rasa gwajin farkon shekara na Sepang a Maleshiya. Kwanakin gwaji a wannan wasa ƙidayayyu ne, doka ta taƙaita su, saboda haka wanda ya rasa kwana uku a kan sabon babur ya yi asarar da ba ta ramuwa. Ya shiga kakar yana baƙo a kan abin hawansa, da hannun da bai gama warkewa ba.

Babur ɗin da ya tarar kuwa an daɗe ana gina shi a kan bukatun mutum ɗaya. Márquez yana da wata baiwa da ba a saba gani ba: yakan shiga kwana har tayar gaba ta fara zamewa, ya tokare ƙasa da gwiwa da gwiwar hannu ya ɗago babur ɗin da ya riga ya kama hanyar faɗuwa. Wanda ke iya haka ba ya damuwa idan gaban babur ba ya ba da tabbas, muddin akwai ƙarfi a inji, kuma kamfani ba shi da dalilin sauya abin da ke kawo kambu kowace shekara. Lorenzo kuwa duk gwanintarsa a kan amincewa da tayar gaba take. Yana buƙatar ya ji ta a tafin hannunsa, ya san daidai inda riƙonta yake ƙarewa, kafin ya saki birki ya kwanta cikin kwana da gudu. Ya yi ƙoƙarin maimaita dabarar Ducati, har ya tafi Japan a tsakiyar kaka domin a gyara masa tanki da mazauni, aka kuma yi masa gyare-gyaren, amma wannan karon matsalar ta wuce wurin jingina.

Rana ɗaya ce a duk shekarar aka hango tsohon Lorenzo, kuma ba ta kai minti huɗu ba. A Barcelona ya tashi kamar kibiya, ya kutsa cikin na gaba, sai a zagaye na biyu ya matse birki a kwana ta goma, gaban babur ya kuɓuce, ya kwashe Dovizioso da Viñales da Rossi gaba ɗaya. Ya fito ya nemi afuwa ba tare da kwana-kwana ba. Mako biyu bayan haka, a gwajin ranar Juma'a a Assen ta ƙasar Holan, ya sake faɗuwa, ya yi ta mirginawa cikin tsakuwa, aka gano karaya a gaɓoɓi biyu na ƙashin bayansa. Tsere huɗu ya rasa.

Assen ɗin nan tana da wani tarihi da shi, kuma idan aka jera ranakun biyu gefe da gefe za a ga duk abin da nake son faɗa. A 2013, a wannan fili, ya faɗi ranar Alhamis ya karya ƙashin da ke haɗa kafaɗa da ƙirji. Aka ɗauke shi a jirgi zuwa Barcelona, aka ɗaure ƙashin da ƙarfe da sukurori cikin dare, ya dawo, ranar Asabar ya hau babur ya zo na biyar. Babu mai hankalin da zai kira irin wannan mutum matsoraci. Amma a 2013 ya san dalilin faɗuwarsa, ya san babur ɗin da zai koma kansa kamar yadda ya san tafin hannunsa, kuma yana cikin takarar kambu. A 2019 bai san lokacin da babur zai sake jefar da shi ba, ƙashin baya ne ya karye ba na kafaɗa ba, kuma ladan kasadar bai wuce ya zo na goma sha wani abu ba. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa tun yana tashi daga tsakuwar Assen ya fara tambayar kansa ko abin ya cancanci wannan wahala.

Da ya dawo a Silverstone ta Ingila cikin watan Agusta, duk mai ido ya ga cewa yana tuƙi ne domin ya kai ƙarshe lafiya. Yana jan birki da wuri, yana barin tazara a inda dā ba ya bari. Idan mahayi ya rage kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa a kowace kwana saboda taka-tsantsan, a fili mai kwana goma sha biyu ya yi asarar kusan daƙiƙa biyu a zagaye, kuma idan aka ninka wannan sau ashirin da wani abu, ga mintin nan na tsibirin Phillip ya fito. A wannan tsere ma Cal Crutchlow ya zo na biyu a kan Honda, Johann Zarco kuma, wanda karon farko ke nan da ya yi tsere a kan Honda a babban aji, ya ƙare gaban Lorenzo. A duk kakar bai shiga cikin goman farko ko sau ɗaya ba, mafi kyawun sakamakonsa shi ne na 11 a Le Mans ta Faransa, ya tara maki 28 ya ƙare na 19. Márquez ya ci tsere 12 ya tara maki 420.

Masu sukarsa suna da hujja, kuma bai kamata in ɓoye ta ba. Akwai waɗanda suka sauya babur suka ci kambu nan take. Eddie Lawson ya ci da Yamaha a 1988 ya koma Honda ya ci a 1989. Rossi ya bar Honda ya ci tserensa na farko da Yamaha a Afirka ta Kudu a 2004, ya kuma ɗauki kambun shekarar. Stoner ya bar Ducati ya ci da Honda a 2011. Shi kansa Márquez, bayan shekarun ciwon hannu, ya bar Honda a ƙarshen 2023, ya hau Ducati ya ci tsere uku a shekarar farko. Saboda haka gaskiya ne cewa Lorenzo ba ya cikin masu saurin sabo, kuma yana da taurin kan da ke sa ya fi son a gyara masa babur a kan ya gyara kansa. Amma wannan taurin kan shi ne ya haifar da gudumar, domin ba a samun irin wannan daidaito wurin mutumin da ke sauya salo kowane mako. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa babur ne kawai ya yi shi. Wanda ya ci Mugello da Barcelona da Austriya a kan babur ɗin da ya gagari Rossi ya riga ya amsa wannan zargi. A Ducati ya samu wata goma sha takwas da lafiyayyen jiki, ya kai ga gaci. A Honda bai samu ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ranar 14 ga Nuwamban 2019, a Valencia, filin da ya lashe kambunsa na ƙarshe shekara huɗu kafin nan, ya kira 'yan jarida ya sanar cewa zai yi ritaya, yana da shekara 32, da sauran shekara guda a kwantiraginsa. Sauran mahaya sun cika ɗakin. Ya nemi afuwar Alberto Puig, manajan da ya yi tsayin daka aka ɗauko shi, ya ce ya ba shi kunya shi da Honda. Ranar Lahadi ya hau babur ɗin karo na ƙarshe, ya zo na 13, ya samu maki uku, ya rufe da nasara 68 a duk azuzuwa. Na kalli zagayensa na bankwana har ya shiga gareji, ni da na shekara goma ina fatan a wuce shi, kuma sai da aka ɗauke hoton na lura cewa tun daga farkon tseren ban duba wanda ke gaba ba.